Kada Mu Sayar da Gonar Awali a Shekarar Zaɓe

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzon da Allah Ya yi mana baiwar zama maƙwabtansa a wannan gari, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan zama, babanmu Shaikh Ubaidullah, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Malamanmu masu daraja. Dattawanmu na unguwannin Sih da Awali a nan Madina, da waɗanda suka taso tun daga Khaibar. 'Yan kwamitin ƙungiyarmu. Likitoci da injiniyoyi da abokan aikina malaman jami'a. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata. 'Yan'uwa mutanen Nijar da na Chadi da na Sudan. Samarinmu haifaffun nan, waɗanda ake yi wa Hausa su mayar da Larabci, amma na san babu abin da ke wuce kunnensu. Jama'a baki ɗaya, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga shugaba da ya ba ni dama in yi magana kafin a ɗaga hannu. Ina godiya ga ma'aikatan wannan gona da suka sauko daga kan itatuwa, a daidai lokacin da ake sa wa macen dabino furen namiji, suka share mana wuri suka shimfiɗa mana dardumai. Ina kuma godiya ta musamman ga ɗan'uwana Injiniya Abdulrauf, wanda ya riga ni tsayawa a nan. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kun san abin da ke tsakani. Bakano in ya hango riba, ko a bayan dutsen Uhudu take sai ya haura. Amma na rantse da Allah, Abdulrauf bai kawo shawararsa don aljihunsa ba. Tausayi ne ya sa shi, tausayin nan ne kuma ya tayar da ni.

Don waɗanda suka iso a makare, ga abin da ya tara mu. Wannan gona da muke zaune a inuwarta, iyayenmu ne suka haɗa guminsu suka saye ta, aka rubuta ta da sunan mahaifin Shaikh Ubaidullah, Allah Ya ji ƙansu. Ba su rubuta ta waƙafi ba, don a zamaninsu maganar baki ta isa. Da kuɗin dabinonta ake biyan hayar ribaɗinmu na Sih, wato gidan da muke ajiye tsofaffin mata waɗanda ba su da kowa, da shi ake biya musu wuta da magani. Yanzu wani mai yanka filaye ya taya gonar da tsada. Kwamiti, ta bakin Injiniya Abdulrauf, ya kawo shawarar a sayar, a mayar da kuɗin naira, a sayi hannun jari a kasuwar Legas, tunda farashi a can sai hawa yake yi, a riƙa biyan hayar ribaɗin da ribar da ta fito. Yau ne za mu ce e ko a'a. Wata mai zuwa kuma, Afrilun wannan shekara ta 2007, Nijeriya za ta zaɓi sabon shugaban ƙasa.

Ni tarihin tattalin arziki nake koyarwa. Shekaranjiya a mota Abdulrauf ya ce da ni, "Haladu, kai in aka biye maka da tarihin nan naka, ko kaza ba za a saya ba, sai ka ce a shekara kaza an yi annobar kaji." Na yi dariya, don akwai gaskiya a ciki. To ku yi mini haƙuri, yau ma tarihin zan kawo, sai dai zan taƙaita.

Magana ta farko, mu san wanda ke riƙe da kuɗi. Takardar da ke aljihunka, riyal ce ko naira ko sefa, ba ta da daraja a karan kanta. Alkawari ce hukuma ta yi maka. Kowace ƙasa tana da babban banki, shi ke yanke yawan kuɗin da za su zaga a hannun jama'a, shi ke sa bashi ya yi sauƙi ko ya yi tsada, shi ke tsare darajar kuɗin a gaban kuɗin wasu. Ku ɗauke shi kamar mai riƙe da makullin famfon wannan gona. In ya saki ruwa daidai, itatuwa su sha, rijiya ta maido. In kuwa aka ce masa manyan baƙi na tafe, a ga gona shar, sai ya buɗe famfo dare da rana. Baƙi su zo su yaba su tafi, wata biyu a tsakani a leƙa rijiya a ga laka. To shekarar zaɓe ita ce shekarar baƙi. Mai mulki yana son jama'a su ji daɗi kafin ranar ƙuri'a, mai neman mulki yana alkawarin abin da ya fi haka, babu ɗayansu da ke son a rage ruwa sai an gama ƙidaya. Shi ya sa sau da yawa labari mai ɗaci yakan jira bayan zaɓe sannan ya fito.

Magana ta biyu, abin da ya faru ga waɗanda suka fi mu ƙarfi. A Amurka an yi zaɓe a ƙarshen 1928, ana cikin wadata, talaka da mai kuɗi kowa na cin bashi yana sayen hannun jari. Sabon shugaba bai shekara a kan kujera ba kasuwar ta rushe. Masu gidaje suka koma kwana a rumfunan kwali. Da aka sake zaɓe a 1932, wanda ya faɗi yana kan kujera yana jiran ranar sauka, wanda ya ci bai karɓa ba tukuna, watanni ana zaune babu mai cikakken iko. Jama'a suka ji raɗe-raɗin za a taɓa darajar dala, suka yi dafifi a ƙofar bankuna kowa na cewa a ba shi nasa. Sabon shugaba na hawa, abin da ya fara yi shi ne rufe bankunan ƙasar gaba ɗaya na 'yan kwanaki.

A 1971, saura shekara guda da 'yan watanni a yi zaɓe, Amurka ta raba dalarta da zinariya, aka saki kuɗi, kasuwa ta yi armashi, mai mulki ya koma kujerarsa. Tsadar da ta biyo baya kuwa ta kusa shekara goma tana cin mutane, har da waɗanda ba su san inda Amurka take ba. Kada wani ya ce ina ruwanmu. Riyal ɗin da ake biyan mu albashi da ita a ɗaure take da dalar nan, inda ta nufa nan muke nufa.

Na kusa da mu shi ne Meziko a 1994. Shekarar zaɓe ce, gwamnati ta ƙi yarda kuɗinta su faɗi kafin a jefa ƙuri'a, ta yi ta ɗibar ajiyarta ta ƙasashen waje tana tokare su. Aka yi zaɓe lafiya. Sabon shugaba bai cika wata guda a ofis ba aka saki tokarin, kafin a farga kuɗin ƙasar sun rasa kusan rabin darajarsu. Wanda ya kwanta yana mai rufin asiri ya tashi yana neman na cefane.

Magana ta uku, wadda ta fi mini nauyi, ita ce ta gida. 'Yan'uwana mutanen Nijar da Chadi, ba sai na tuna muku Janairun 1994 ba. Nijar ba ta cika shekara da zaɓen shugabanta ba, murna ba ta gama sauka ba, aka wayi gari an raba darajar sefa biyu. Shugaban da kuka yi layi a rana kuka zaɓa ba shi kaɗai ke riƙe da makullin ba. Akwai waɗanda ke zaune a nan da suka aika kuɗin gini gida a watan da ya gabaci wannan, sun san inda ginin ya tsaya.

Mu kuma mutanen Nijeriya muna da 1983. Farashin mai ya riga ya faɗi, baitulmali ya yi ƙasa, amma zaɓe na gaba, don haka aka ci gaba da kashewa kamar babu abin da ya faru. Aka yi zaɓe a watan Agusta. Shekarar ba ta fita ba soja suka karɓe mulki. A watan Afrilu na 1984 aka canja launin takardun naira, aka rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin kuɗinsu banki. Wanda ke cikin ƙasa ya sha layi. Wanda ke waje fa?

Dattawa sun san wata al'ada tamu ta da, samari ba su san ta ba. Mutumin da ya zo hajji ya zauna maƙwabtaka na 'yan shekaru, in ya sami riyal ba ya ajiye ta riyal. Jira yake alhazai su zo, ya canja ta da nairar da ke aljihunsu, ya sa a ƙasan adaka. Kuɗin komawa ake ce musu. Riyal ta cefane ce, naira ta gida ce. Duk takardar da ya ƙara a adakar nan, ji yake ya ƙara taku ɗaya zuwa garinsu.

Haka Malam Idrisa tela ya yi, mijin Inna Azumi da ke ribaɗinmu yanzu. Na nemi izininta kafin in ambaci sunanta, ta ce in faɗa. Hajjin 1983 ta zo makonni kaɗan bayan zaɓe. Alhazai suka sauka da naira dam a aljihu da labari mai daɗi, an yi zaɓe, ƙasa ta zauna, komai zai gyaru. Malam Idrisa ya ce lokaci ya yi. Ya sayar da kekunan ɗinkinsa, ya saki shagonsa, ya mayar da komai naira, da niyyar in sun ƙara azumi ɗaya a Madina su tafi. A rediyo ya ji labarin canjin kuɗi. Babu hanyar zuwa, babu wanda za a aika.

Na tambayi Inna Azumi, na ce, "Inna, kuɗin fa, ina suka shiga?"

Ta ce, "Ɗana, ai ba su shiga ko'ina ba. Suna nan yadda ya jera su, ko ɓera bai taɓa ba. Ƙasar ce ta ce ba ta san su ba."

Na ce, "To sai kuka yi yaya?"

Ta ce, "Halas, shi ke nan, sai muka zauna. Ya koma ɗinki a shagon yaron da shi ya koya wa. Bai ƙara ambaton gida ba har ya rasu. Shi dai ya dace, yana maƙabartar Baƙi'a, ya sami wurin da ba mai tashinsa. Ni ce har yau nake haya."

Jama'a, wallahi da ta faɗi haka na kasa haɗa ido da ita. Na yi shekaru ina koya wa ɗalibai wannan canjin kuɗi a aji, da alli da allo, ban taɓa jin nauyinsa ba sai a ɗakin nan na Sih. Malam Idrisa bai yi caca ba, bai yi almubazzaranci ba, bai ci haƙƙin kowa ba. Ya amince ne da alkawarin hukuma a shekarar da hukuma ke neman ƙuri'a.

Yanzu bari in juyo ga ɗan'uwana Abdulrauf, in ba shi gaskiyarsa, don yana da ita da yawa. Ya ce Nijeriyar yau ba ta 1983 ba ce. Haka ne. An yafe mata bashi mai yawa, ta biya saura, an haɗe bankuna sun yi ƙarfi, naira ta daɗe ba ta yi tangal-tangal ba, mai yana tsada. Ya ce ya zaɓi kamfanonin siminti da fulawa da sukari, waɗanda malamai ba su ga aibu a cikinsu ba. Na yarda. Ya ce itatuwan nan sun tsufa, ruwan rijiya na ja da baya, haya kuma tana hawa tun da aka fara rushe unguwannin kusa da Harami. Ya ce bara da ƙyar dabino ya biya hayar ribaɗi. Duk wanda ya ga lissafin ya san bai ƙara ko ɗaya ba.

Kuma kada in zalunci zaɓe. Ba shi kaɗai ke kawo rushewa ba. Bara a nan ƙasar, inda babu zaɓen shugaban ƙasa, kun ga yadda kasuwar hannun jari ta yi da mutane. Akwai maƙwabtanmu da suka sayar da mota da gwal ɗin matansu suka zuba, yau ba a yi musu zancen. Abin da nake cewa shi ne, in kasuwa ta riga ta yi zafi, sannan zaɓe ya zo ya same ta, babu mai ƙarfin halin da zai taɓa famfo. A Legas yanzu, banki ne ke ba mutum bashi ya sayi hannun jari, sayen ya ɗaga farashi, farashin ya sa banki ya ƙara ba shi bashi. Direba na saye, mai gadi na saye, ƙanwata da ke koyarwa a firamare a Zariya ta bugo mini waya tana tambaya wanne za ta saya. Wa zai fito ana saura wata guda zaɓe ya ce jama'a a yi hattara? Wanda zai hau kuma, ba mu san shi a kan kujera ba, ba mu san wanda zai ba amanar babban banki in lokaci ya yi ba, ba mu san abin da farashin mai zai yi masa ba.

Ban san gaibu ba. Mai yiwuwa kasuwar ta ci gaba da hawa shekara ɗaya, ko biyu, ko biyar. Mai yiwuwa baɗi war haka Abdulrauf ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, "Bazazzagi, ka ga abin da ka jawo mana." In haka ta faru zan sunkuyar da kai in sha dariyar Kanawa, na saba. Amma ku auna abu biyun nan. In na yi kuskure, mun rasa riba. In shi ya yi kuskure, mun rasa gona, mun rasa riba, ranar da mai gidan Sih ya zo karɓar hayar shekara kuma ba mu da abin ba shi. Hannun jari in ya faɗi ba a cin sa. Dabino ko ya yi arha, a ci a sha ruwa a kwana.

Kada ku ɗauka ni baƙon kasuwar nan ne. Ni ma ina da hannun jari a Legas, na saya da albashina, kuma ban yi nadama ba. Duk mai sha'awa ya saya da nasa, Allah Ya sa albarka. In nawa ya nutse, ƙarshen wata jami'a za ta biya ni. In na Abdulrauf ya nutse, kamfaninsa na nan. Amma dukiyar da ke riƙe da rufin ɗakin tsohuwa ba a kai ta inda mai ita zai kwana yana sauraron rediyo.

Ga abin da nake roƙo. A bar gonar. A je kotu a rubuta ta waƙafi da sunan ribaɗin Sih, yadda ko bayan ranmu babu taron da zai sake zama a kan sayar da ita. Shaikh Ubaidullah ya gaya mini in jama'a sun yarda, shi a shirye yake ya sa hannu. Batun rijiya da tsufan itatuwa kuma, wannan namu ne mu masu albashi. A ƙara wa rijiya zurfi, a kawo 'ya'yan dabino daga Khaibar a dasa a tsakanin tsofaffin, mu kuma mu cike giɓin haya daga aljihunmu har sababbin su fara haihuwa. Zai ɗauki shekaru, zai kuma yi mana ciwo. Ni na fara sa kaina, kuma ina roƙon a ɗora Injiniya Abdulrauf a kan aikin rijiyar, don duk cikinmu babu wanda ya fi shi sanin ruwa, babu kuma wanda ya fi shi iya matsa wa ɗan kwangila.

Saura magana ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Tsarin ƙungiyarmu ya ce mai biyan kuɗin wata shi ke da ikon ɗaga hannu. Ku dubi waɗanda za su ɗaga hannu yau. Wasunmu 'yan ƙasa ne, suna da gidajensu da takardunsu. Wasunmu 'yan kwantiragi ne, ranar da aiki ya ƙare akwai tikiti, akwai gida a Kano ko Zariya ko Damagaram, akwai dangi a filin jirgi. Babu ko mutum ɗaya a cikinmu da zai rasa wurin kwana in wannan shawara ta ɓaci. Waɗanda za su rasa kuwa ba sa biyan kuɗin wata, don haka ba su da hannu a wannan zama. An ɗauko su a mota daga Sih, suna zaune a bayan labulen can, Inna Azumi da 'yan'uwanta, suna jin duk abin da muke faɗa a kan ɗakunansu, ba wanda ya tambaye su.

Saboda haka, ya shugaba, ina neman alfarma ɗaya. In an zo ƙidaya, kada mu ɗaga hannu muna fuskantar teburinka. A ce kowa ya tashi ya juya ya fuskanci labulen. Wanda zuciyarsa ta natsu a sayar, ya ɗaga hannunsa a gabansu.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta. Allah Ya ji ƙan iyayenmu da suka dasa waɗannan itatuwa, Ya sa abin da suka bari ya ci gaba da isa gare su. Allah Ya rufa wa iyayenmu mata asiri, kada Ya nuna musu ranar da za a fitar musu da kaya waje. Allah Ya sa a yi zaɓen Nijeriya lafiya a gama lafiya, Ya ba ƙasashenmu shugabanni masu tsoronsa a kan dukiyar talakawa. Allah Ya saka wa wannan ƙasa da ta karɓe mu da alheri, Ya bar mu da zumuncinmu ko yaya ƙidaya ta kaya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.